Yadda ake ƙara wa tsohuwar mota lam na baya da kayan wata motar

Tsohuwar Hilux ko Peugeot 504 a-kori-kura da ta jima tana jigilar albasa daga Marwa zuwa Kusseri ba ta ɓuya: bayanta ya zauna, lam, wato fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan aksil, ya miƙe kamar allo, da ta faɗa rami sai shasi ya doki aksil. Sabon lam da tsada, shi ya sa ake nufar kas, inda ake sayar da kayan matattun motoci. Amma da awo ake sayen lam, sunan mota ba ya wadatarwa.

Kafin ka fita, auna abu huɗu a motarka: faɗin lam, kaurin kowane falle, nisa daga idon gaba (zoben ƙarshen lam da ake maƙalawa a shasi) zuwa ƙusar tsakiya mai haɗe fallayen, da nisa daga ƙusar zuwa idon baya. Biyun ƙarshe sau da yawa ba daidai suke ba, kuma nan ake yin kuskure. In ƙusar ta gusa ko da santimita 2, aksil ya bar wurinsa, taya ta goge bodi, kardan, sandar da ke kai juyin inji ga aksil, ya takura. Faɗi kuwa ba a sasantawa a kansa. Lam ɗin tsohuwar Hilux milimita 60 ne, na Land Cruiser kuwa milimita 70, don haka ba sa zama a kan juna.

Hanya mafi aminci ita ce ka bar uwar lam ɗinka, wato falle na sama mai idanu, ka ƙara falle ɗaya a ƙarƙashinta. A kas, sayi biyu daga mota guda, kada hagu ya fi dama ƙarfi. Goge tsatsa ka duba gefen ramin tsakiya, domin daga can tsaga ke farawa. Wanda aka taɓa yi wa walda ko aka gasa a wuta, bar musu abinsu.

Kula da kauri sosai. Falle mai milimita 8 ya fi mai 7 tauri da kusan rabi, duk da ido ba ya ganin bambancin. In ka jibga masu kauri biyu ko uku, motar za ta riƙa tsalle in ba kaya, girgizar ta koma kan maƙalan lam har shasi ya tsage.

Sa waigi a tayoyin gaba, ɗaga motar, ɗora shasi a kan matokari masu ƙarfi, jak kuma ya tallafe aksil. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kwance shok da ƙarafan nan masu siffar U da ke ɗaure lam da aksil, sannan ka sauke lam. Matse shi a bais, abin matse ƙarfe, kafin ka taɓa ƙusar tsakiya, in ba haka ba fallayen su watse su karya maka yatsa.

Yanke sabon fallen da injin faifai, a hankali don kada ya yi zafi har ya canja launi. Tsawonsa ya faɗa tsakanin na samansa da na ƙasansa, kamar matakala. Dakushe bakin yankan, domin kaifi na cin fallen da ke sama. Haɗa su da sabuwar ƙusar tsakiya mai tsawo, ka tabbata kanta ya shige raminsa a jikin aksil.

Ƙarafan U sababbi za ka sa, tsofaffin sun riga sun miƙe. Ɗaure notinansu bi da bi, kusurwa da kishiyarta. Robobin idanu ma a canja su, amma kada a ƙarasa ɗaure ƙusoshinsu sai motar ta sauka kan tayoyinta, don robar ba ta daɗewa in an ɗaure ta a murɗe.

Da baya ya tashi, duba ko shok da tiyon birki suna da sauran tsawo. Tsofaffin Hilux da yawa na da bawul mai rage birkin baya in mota ba kaya. Tashin bodi na ruɗinsa, sai an daidaita sandarsa. Ka kuma sani lam bai ƙara wa aksil, boris da tayoyi ƙarfi ba, nauyin da suke ɗauka na nan yadda yake. Bayan tafiyar farko da kaya, sake bin notinan U, domin fallaye na zama su saki.