Yadda Ake Samun Izinin Girka Na'urar Ɗumama Gida ko Esi a Yankunan Gundumar Los Anjelas da Ba Su Ƙarƙashin Birni

Abu na farko shi ne ka tabbatar hukumar da ke da iko da gidanka. Adireshi yana ruɗi. Ana iya rubuta maka Los Anjelas a kan wasiƙa, alhali gidan ba ya cikin iyakar birnin. Altadena, Marina del Rey da Gabashin Los Anjelas ba su da majalisar birni ta kansu, gunduma ce ke kula da su kai tsaye. Mazaunan irin waɗannan wurare, sashen gine-gine na ma'aikatar ayyuka ta gunduma ne ke ba su izini. Sa adireshinka a taswirar gunduma ta intanet, za ka gani.

Daga nan ka duba ko aikin yana buƙatar izini. Ƙaramar esi ta taga da ake jona wa soket ba ta buƙata. Amma canza babbar na'urar ɗumama gida, ko esi mai bi ta bututu zuwa ɗakuna, yana buƙata, ko da irin tsohuwar za ka mayar. In za a ja sabuwar waya ko layin gas, su ma da nasu izinin.

Zaɓen ɗan kwangila ne wurin da na fi so ka tsaya. A Kalifoniya, jihar da Los Anjelas ke ciki, mai wannan aiki sai da lasisin C-20 daga CSLB, hukumar jihar mai ba 'yan kwangila lasisi. Karɓi lambarsa ka bincika a shafin hukumar. Wanda zai taɓa iskar sanyin na'ura kuma sai da takardar shaida ta sashe na 608 ta EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka. Game da kuɗin kafin alƙalami kuwa, doka ta hana a karɓi fiye da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin aikin ko dala 1,000, duk wanda ya fi ƙanƙanta. In ya ce zai rage maka farashi muddin ba za a nemi izini ba, ka sallame shi. Araha ba ta ado. Haka in ya ce ka ciro izinin da sunanka. Doka ta yarda mai gida ya yi hakan, amma duk abin da ya lalace kai za a kama.

Ana shigar da buƙata ta EPIC-LA, shafin intanet na gunduma na neman izini: irin na'urar, ƙarfinta, inda za a ajiye ta, sai biyan kuɗi. Kada a fara aiki sai izini ya fito.

Bayan an girka, dokar makamashi ta jihar, Title 24, takan buƙaci wani mai gwaji mai zaman kansa ya auna ko bututun na zubar da iska. Sannan sufeton gunduma ya zo duba na ƙarshe. Zai kalli haɗin gas, wayoyi, da mafitar hayaƙi. Wannan mafita ba abin wasa ba ce, domin iskar kabon monoksaid ba ta da wari kuma tana kashe mutum yana barci. Riƙe sauran kuɗin ɗan kwangila har sufeto ya sa hannu, ka adana takardar, ana iya tambayar ta ranar sayar da gida.

Wannan tsarin Kalifoniya ne. A Teksas ikon gundumomi kan dokokin gini taƙaitacce ne, don haka mazaunin wata jiha ya kira ofishin gundumarsa ya tambaya kafin ya sa hannu a kwangila.