Ƙarar da ke cikin tsofaffin faifan jaz: wadda za ka cire da wadda za ka ƙyale

Aikina a nan Damagaram shi ne juye tsofaffin kaset da faifan garmaho zuwa kwamfuta, mai kaya ya tafi da su a katin waya. Galibi wa'azi ne da waƙoƙin gargajiya da kaset ɗin biki. Amma jefi-jefi sai wani ya shigo da kwalin da mahaifinsa ya bari, tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin da ya yi karatu a Dakar ko Faransa, a buɗe a tarar da jaz. Buƙatarsu ɗaya ce: "Malam, a cire mini wannan shuuu ɗin da ƙas-ƙas." Ana cirewa, sai dai ba duka ba, kuma ba da danna maɓalli guda ba. Kafin ka taɓa komai, sai ka gano inda ƙarar ta fito: daga ɗakinka ne, daga jikin faifan ne, daga zaren da aka fara naɗar kiɗan ne, ko daga ɗakin da makaɗan suka zauna. Kowacce da maganinta, ta ƙarshen kuwa ba ciwo ba ce.

Fara da kanka. Kunna kayan, ƙara murya, amma kada ka ɗora allura a faifai. In ka ji wani gurnani mai kauri yana ta yi ba tsayawa, naka ne. Duba siririyar wayar nan da ke fita daga bayan garmaho, wadda ake ɗaurewa a wani ɗan kusa a bayan ampili, wato na'urar ƙara sauti. Sau da yawa ita ce ta kwance. In tana nan daram, cire cajar waya, kashe firiji da fanka, ka sake saurare. Masu sola su lura, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, in mai araha ce, tana cusa ƙugi cikin sauti. Ni in zan juye faifai, kwamfutar kan batirinta nake barin ta.

Akwai hanyar raba gardama. Wutarmu a Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60. Buɗe abin da ka naɗa a Audacity, manhaja ce ta kyauta, ka duba zanen da ke nuna ƙarfin kowane amo. Tsini a kan 50, in faifan na Amurka ne, daga soket ɗinka ya fito. Tsini a kan 60 kuwa tun can aka naɗo shi. Wannan ana tsinke shi da matatar da ke cire amo guda, amma ka matse ta sosai, don tsirkiyar bas mafi kauri tana sauka har wajen 41. Wanda ya datse duk abin da ke ƙasa da 100 don ya huta da gurnani ya kori makaɗin bas daga ɗakin. Bambancin wutar nan kuma shi ke sa wasu tsofaffin garmaho da aka yi wa kasuwar Amurka su riƙa jan ƙafa a nan, kiɗa ya fito da nauyi kamar mai jin barci.

In ɗakinka ya yi shiru, sai faifai. Ƙas ɗin da ke dawowa a kan lokaci, kusan duk bayan daƙiƙa biyu a faifai mai gudun 33, wato mai zagaye 33 a minti, karce ne, allura na faɗa masa a kowane zagaye. Ƙas-ƙas mai yawo, wanda yau yana nan gobe yana can, ƙura ce da wutar da roba ke tarawa in iska ta bushe. Da hunturu, lokacin da hazo ke rufe Birni har ba ka hango dutsen da ke gabanka, faifan da ka goge yanzu kafin ka juya ya sake kwasar ƙura. Wanke shi da ruwan da aka tace wanda ake zubawa a batirin mota, tatacce zalla ba mai asid ba, da ɗigon sabulun ruwa da tsumma mai laushi, kana bin layin yadda ya zagaya. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ɗauraye, jingina shi a inuwa ya bushe sarai. Ruwan famfo ko na garuwa yana barin farin gishiri a cikin layin, ka ƙara wa kanka aiki.

Faifai mai gudun 78 sha'aninsa daban. Shi ne mai nauyin nan da ke fashewa in ya faɗi, ba roba ba ce, da wani irin ƙaro ake yin sa, kuma alkol na narkar da shi. Kada ko kusa. Layinsa ya fi na dogon faifan da kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948 faɗi wajen ninki uku, saboda haka allurar zamani takan nutse har ƙasan layin tana kwasar datti. Rabin soye-soyen da mutane ke kuka da shi a faifan Louis Armstrong, mai busa kakakin jaz, na shekarun 1920 allura ce ba tasa ba. Ka nemi allurar 78. Sannan tunda duk waɗannan faifan murya ɗaya ce, ba dama da hagu, haɗe ɓangarorin biyu wuri guda a kwamfuta; ƙarar tana raguwa ba tare da kiɗan ya rasa komai ba.

Abin da aka naɗa kafin 1925 ba makirufo a ciki, makaɗa ne suke busawa cikin wani babban mazurari. Ƙungiyar King Oliver, da Armstrong yana saurayi a cikinta, haka suka yi a 1923 a ɗakin kamfanin Gennett da ke Richmond a jihar Indiana, dab da layin dogo, har sai an dakata in jirgi zai wuce. Mazurarin nan bai kama amo mai tsini sosai, don haka a irin wannan faifai kana iya rage can sama ba tare da asara mai yawa ba. Kada ka yi haka ga faifan 1959.

Shuuu ɗin da ke farawa daf da kiɗa, ya ɗauke da ƙarewarsa, na zaren naɗa ne. Tsarin Dolby mai rage shi sai 1965 ya fito, manyan faifan jaz kuwa da yawa sun riga shi. A nan ne aka fi ɓarna. Manhaja ba ta san bambancin shuuu na zare da burushin ƙarfe da makaɗi ke shafawa a fatar ganga ba, ko iskar da ke fita tare da busar saksofon ɗin Ben Webster. In ka matsa mata, ta haɗiye su duka, kugen ganga ya koma kamar ana kaɗa shi a ƙarƙashin ruwa. Ni a wurin rage ƙara ba na wuce desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Kuma akwai wurin da za ka zaɓa ka saurari abin da aka cire kaɗai: in ka ji kiɗa a cikinsa, ka wuce gona da iri, koma baya. Manyan ƙas kuma ɗaya-ɗaya nake bin su da hannu, in faɗaɗa zanen in gyara wurin. Yana cin lokaci, shi ya sa kuɗin aikinsa ya fi.

Wani lokaci za ka ji kiɗan a hankali, can ƙasa-ƙasa, kafin ya fara da gaske. Ko dai zaren ne ya daɗe a naɗe har sauti ya ratsa daga wannan zagayen zaren zuwa na kusa, ko layin faifan ne ya turo maƙwabcinsa. In a shirun farko ne, yanke shi. In a tsakiya ne, haƙuri.

Saura ta huɗun, ƙarar ɗakin da makaɗan suka zauna. Wani dattijo daga Zango ya kawo mini faifan Bill Evans, makaɗin fiyano, da aka naɗa a Village Vanguard, wani gidan kiɗa na ƙarƙashin ƙasa a New York, ranar 25 ga Yuni 1961. Ya ce a cire masa surutun mutane da ƙarar kofuna. Na ce, "Baba, waɗannan ai tare aka naɗo su, makirufon da ya ɗauki fiyano shi ya ɗauki dariyar matar can. In na taɓa ta, na taɓa shi." Ya saurara, ya ce to ai marasa kunya ne, mutum na irin wannan kiɗa suna hira. Ban musa ba. Amma ranar ce ta ƙarshe da Scott LaFaro, mai bas, ya yi naɗi da ƙungiyar Evans; kwana 11 bayan nan ya rasu a haɗarin mota. Ba ni da ƙarfin halin sa wuƙa a wannan. A ranar ma wuta ta ɗauke musu ana tsakiyar kiɗa, abin da ya ba Baba dariya, ya ce ashe har can.

Haka nishin Erroll Garner a kan fiyano, da kukan da Keith Jarrett ke yi a wasansa na Kolon a Jamus cikin Janairun 1975, da ƙarar maɓallan saksofon, da matakin ganga mai neman mai. In kana shakka, nemi kiɗan nan a intanet ka kai daidai wurin. In ƙarar tana can ma, ba laifin faifanka ba ne. Wata ƙarar ma da gangan aka zuba ta: faifan Duke Ellington na bikin jaz na Newport a 1956, wani ɓangarensa a ɗakin naɗa aka sake shi aka ɗora tafi na jabu, sai a 1999 aka fito da ainihin wasan bayan an haɗa da zaren gidan rediyon Muryar Amurka.

Duk abin da za ka yi, ajiye naɗin farko a matsayin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, ba tare da ka taɓa shi ba, ka yi gyara a kan kwafi, daga nan ka fitar da MP3 na waya. Faifan kuma a tsaye ake jera su, cikin rigarsu, ƙasa-ƙasa nesa da rufin kwano. Zafin Afrilu yana lanƙwasa roba, kuma faifan da ya lanƙwashe muryar fiyano a kansa rawa take yi, wannan kuwa Audacity ba ta gyara shi.