Ƙunar hannu a kicin: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Mai ya fallatso daga kaskon sambusa, ko tururin tukunyar kabsa ya bugi bayan hannu, ko an cafki butar shayi babu tsumma. Abin da aka yi a minti 20 na farko shi ke raba ƙunar da za ta warke lafiya da wadda za ta bar tabo. A gidajenmu na Makka da Jidda da Madina, a nan ɗin ne aka fi yin kuskure.

Babban kuskuren shi ne gaggawar janye hannu daga ruwa. Mutum ya tara hannu a famfo minti ɗaya ko biyu, ya ji raɗaɗi ya lafa, ya koma kan girki. Alhali zafin bai fita ba, yana nan yana cin naman da ke ƙarƙashin fata, kamar yadda tukunya ke ci gaba da ɓararraka bayan an kashe gas. Ruwa yana tafasa a digiri 100, man suya kuwa yakan kai 180, ga shi yana manne wa fata. Gyaran shi ne ruwa mai sanyi, mai gudu a hankali, minti 20 cif, ana duba agogo. Ko an makara, matuƙar ba a wuce awa 3 ba, sanyayawar tana da amfani.

Akwai matsalar da ta shafe mu a nan Saudiyya. Lokacin zafi, ruwan tankin da ke kan soro yakan fito da zafi da tsakar rana. A fara taɓa shi da lafiyayyen hannu. In da zafi, a ɗauko ruwan sha na galan da ke cikin ɗaki a riƙa kwararawa da kofi a kan roba, ko a tsoma hannun a kwano ana sauya ruwan da zarar ya yi ɗumi. Sanyin ruwan randa ake so, ba fiye da haka ba.

Ƙanƙara kuwa kada ta kusanci wurin. Tana matse ƙananan hanyoyin jini a daidai lokacin da fatar ke buƙatar jini, sai ƙunar ta ƙara zurfi. In yaro ne, a lulluɓe sauran jikinsa a kashe na'urar sanyaya ɗaki, domin jikin yara yana saurin ɗaukar sanyi.

Tun hannu yana cikin ruwa a zare zobe da awarwaro da agogo. Kumburi ba ya jira. Zoben da zai fita salin-alin yanzu, nan da rabin awa sai ya shaƙe yatsa har sai an yanke zoben a asibiti. Amma in tufa ta manne a fata, a bar ta, a yanke kewayenta kawai da almakashi.

Sai shafe-shafe, kuma a nan muka fi jin takaici, domin duk mai yi da kyakkyawar niyya yake yi. Makilin, man shanu, man ja, ɗanyen ƙwai, tumatir, gishiri, fulawa, garin gahawa, lalle, toka: babu ko ɗaya da ke fitar da zafi. Makilin yana ba da sanyi a baki da fata saboda na'ana'ar da ke cikinsa, amma sanyin ji ne kawai, kuma in ya bushe ya kama ciwon, wanke shi azaba ce. Maiƙo yana rufe zafin a ciki. Ɗanyen ƙwai da toka suna shigar da ƙwayoyin cuta. Lalle da gahawa suna rina wurin, ma'aikacin jinya ya kasa ganin launin fatar, alhali da launin ake gane zurfin ƙuna. In an riga an shafa, a bar ruwa ya wanke abin da zai iya, kada a goga.

Bororo in ya taso, kada a sa allura. Fatar da ke samansa ita ce murfin ciwon. In ya fashe da kansa, a wanke da ruwa mai tsabta a rufe.

Wajen rufewa, auduga ce kuskure, don zarenta yana mannewa. Ledar rufe abinci ta fi: a yar da zagaye biyu na farko, a shimfiɗa ta a kan ƙunar, kada a naɗe ta tamau. Sabuwar leda mai tsabta ma ta isa a zura hannu a ciki kafin a je kemis a samo bandejin da ba ya mannewa. In yatsu biyu ne suka ƙone, a naɗe kowanne daban. A riƙa ɗaga hannun sama da ƙirji, a kan matashi, don rage kumburi.

Don raɗaɗi, babba zai iya shan farasitamol miligiram 500 zuwa 1,000 duk bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce giram 4 a yini. Na yara gwargwadon nauyinsu ne, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

Kuskure na ƙarshe shi ne raina ƙuna saboda ba ta ciwo. Wurin da ya yi fari, ko baƙi, ko ya bushe kamar ƙirgi, kuma ba a jin zafinsa, ƙuna ce mai zurfi da ta kashe jijiyoyin ji. Wannan ta asibiti ce nan take. Haka ma wadda ta kai faɗin tafin hannun mai ita, ko ta hau gaɓar yatsa, ko ta shiga tsakanin yatsu, ko ta zagaye wuyan hannu, domin tabo a gaɓa yana hana yatsa lanƙwasawa. Ƙaramin yaro, tsoho, mai ciwon suga, da wanda lantarki ko sinadarin wanke bututu ya ƙona, duk likita ya gan su ko da wurin ƙarami ne. Motar agajin gaggawa ana kiran 997, shawarar likita ta waya kuma 937 na Ma'aikatar Lafiya.

Ƙunar da ta yi ja kawai takan warke cikin mako guda, mai bororo mako biyu zuwa uku. In ja yana yaɗuwa, ko ana ganin mugunya, ko wari, ko zazzaɓi, ko an cika mako biyu ba alamar rufewa, a kai hannun asibiti, a kuma tambaya ko ana buƙatar allurar rigakafin tetanus.