Kurakuran da aka fi yi wajen koyon kalmomin Turanci da labarin yau da kullum

Shekarun baya ina da wani littafin rubutu mai shuɗin bango da na cika da kalmomin Turanci. Kowane shafi na raba shi biyu da rula, Turanci a hagu, Hausa a dama. Na haddace shi har ina iya gaya maka shafin da kalma take. Ranar da motar da na hau ta mutu a hanya na makara wurin aiki, sai na tsaya gaban shugabar sashenmu, wadda ba ta jin Hausa, na ce mata, "The car broke up." Ta ɗan yi jim, ta danne dariya, ta ce, "Broke down?" Duka biyun suna cikin littafin nan nawa, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. *Break down* na mota ne ko inji, *break up* kuwa na masoya ne idan sun rabu. Tun daga ranar ban ƙara cakuɗa su ba, kuma ba littafin ne ya raba mini su ba, kunyar da na ji ce.

Dabarar koyo da labari ke nan a taƙaice: ka ɗauki sabuwar kalma ka ɗaure ta a jikin abin da ya faru da kai. Masana sun daɗe da gwada ta. A 1969, Gordon Bower da Michal Clark na jami'ar Stanford a Amurka sun bai wa ɗalibai jerin kalmomi goma-goma har sau goma sha biyu. Rabinsu aka ce su haddace yadda suka ga dama, rabi kuma su ƙulla labari da kalmomin. Da aka tambaye su a ƙarshe, masu labari sun tuna kashi 93 cikin ɗari, masu hadda kashi 13. Sai dai a lura, kalmomin harshensu ne aka ba su, tunawa kawai aka auna. Labari yana riƙe maka kalma, amma abin da ka saka a ciki shi zai riƙe, daidai ne ko kuskure. Daga nan yawancin matsalar take tasowa.

Kuskure na farko da nake yawan gani shi ne labarin aro. Mutum ya ji an ce a rubuta labari, sai ya ƙirƙiro wani Bature da ya tashi da safe ya tafi tashar jirgin ƙasa a Landan. Ba ka san shi ba, ba ka damu da ko ya samu jirgin ba, don haka ƙwaƙwalwa ba ta da abin kamawa. Rubuta abin da ya same ka yau, komai ƙanƙantarsa. Cajin wayarka ya ƙare kana tsakiyar magana da mahaifiyarka: "My phone ran out of battery while I was talking to my mother." Ƙaninka ya yi alkawarin zuwa bai zo ba: "He didn't turn up." Jimla uku ko huɗu sun isa. Wanda ya ɓata maka rai jiya ya fi kowane littafi iya koya maka *let down*, wato mutum ya ba ka kunya bayan ka dogara da shi, domin duk sanda ka tuna fuskarsa kalmar za ta biyo.

Sai haɗama. Ana so a zuba adon magana goma cikin labari mai layi biyar, har ya koma kamar jakar da aka cusa wa kaya zif ya ƙi rufuwa. Biyu ko uku a labari ɗaya sun wadatar. Abin da ya fi wannan ɓarna shi ne irin kuskuren littafina mai shuɗin bango, wato tara 'yan gida ɗaya a rana ɗaya: *put on, put off, put out, put up, put away*. A ido kamar tsari ne mai kyau, a kai kuwa rikicewa suke yi, don sun yi kama da juna fiye da kima. Raba su da aukuwa. Safiyar Litinin ɗinka ta ɗauki *wake up, put on, set off*. Ranar da ka yi ta jan ƙafa wajen zuwa ganin likitan haƙori ta ɗauki *put off*. Kowanne da gidansa, ba za su yi karo ba.

Wanda ya fi wuyar magani shi ne tsara labarin da Hausa a zuci, sannan a bi shi kalma-kalma ana sauyawa. Ba ragwanci ba ne, haka harshen uwa yake, shi ke fara zuwa baki. Dubi "sha" kawai. Muna shan ruwa, muna shan magani, muna shan wahala, muna shan iska, wani yana shan taba. Turanci ya rarraba waɗannan: ruwa *drink*, ƙwayar magani *take*, taba *smoke*, wahala *suffer* ko *go through*. Wanda ya rubuta "sha = drink" a littafinsa ya riga ya shirya wa kansa "I drank two tablets." Haka "ji": muna jin magana, jin wari, jin zafi, jin Turanci, su kuma suna da *hear, smell, feel, understand*. Shi ya sa ake jin "I am hearing a smell" a bakin mutanen da suka yi karatu mai zurfi. Ga kuma "ara mini", wanda ke fitowa a "borrow me your pen", alhali mai bayarwa *lend* yake yi, mai karɓa ne ke *borrow*.

Gyaran shi ne ka daina ɗaukar kalma ita kaɗai. Ɗauko ta da abokan tafiyarta: *take medicine, make a mistake, do homework, pay attention, catch a cold*. Kada ka tambayi dalilin da ya sa ake "biyan" hankali a Turanci. Mu ma idan baƙo ya tambaye mu me ya sa ake cin jarrabawa, a ci amana, a ci bashi, a ci gaba, ba mu da amsar da ta wuce haka ake faɗa. *Get* da *take* su ne "ci" da "sha" na Bature.

Yanzu ga inda nake ganin mai jin Hausa yana da riba amma bai sani ba. Aikatau ɗin nan masu wutsiya, waɗanda Turawa ke kira *phrasal verbs*, ana koyar da su kamar wani sihiri, a ce babu ƙa'ida sai hadda. To ai mu ma muna yin aikin da wutsiyar take yi, sai dai mu a ƙarshen kalma muke yinsa. Ci da cinye, sha da shanye, saya da saye. Wannan ƙarasawar da ke cikin "cinye" ita ce *up* a *eat up, drink up, buy up, use up*. Fita da fito, shiga da shigo: *go out* da *come out*, *go in* da *come in*. Ɗauke shi ne *take away*, goge shi ne *wipe off*, mayar shi ne *give back* ko *put back*. Da zarar ka gane cewa *up* sau da yawa ba sama yake nufi ba, gamawa ƙaf yake nufi, ka rage wa kanka hadda mai yawa. Ban ce duka ba. *Give up*, wato saduda, da *put up with*, wato haƙuri da abin da ba ka so, ba sa buɗuwa da wannan mabuɗin. Irinsu ne suka fi buƙatar labari, kuma maƙwabcin da ke ƙure rediyo da tsakar dare ya isa misali: "I can't put up with the noise any more."

Akwai wani ɗan tarko a nan da labari ke tonawa nan take. A jerin kalmomi za ka rubuta *turn off* ka wuce. A labari kuwa, jimla ta biyu dole ta ce "shi" ko "ita", sai ka ga an rubuta "I turned off it." Ba a faɗin haka. Idan wutsiyar mai rabuwa ce, wakilin suna a tsakiya yake zama: "I turned it off", "she picked me up". Wasu kuma ba sa rabuwa ko kaɗan: "I looked after him", "I ran into her". Ƙamus na masu koyo yana nuna wannan. A na Oxford, wanda asalinsa aikin A. S. Hornby ne da kamfanin ya fara bugawa a 1948, za ka ga 'yar kibiya mai kai biyu a jikin masu rabuwa. Mutane da yawa sun shekara suna buɗe ƙamus ɗin ba su taɓa tambayar amfanin kibiyar ba. Don haka duk sanda ka saka irin wannan aikatau a labari, rubuta shi sau biyu, da suna sannan da wakilin suna.

Adon magana kuwa matsalarsa biyu ce. Ɗaya, ba a taɓa masa gini. Yadda ba za ka ce "fizgi kunne" a maimakon "ja kunne" ba, haka "pull my leg", wato zolaya, ba ya zama "drag my leg" ko "pull my foot". Lokacin aikatau kawai ake sauyawa da mai abin, kamar *my* ya koma *your*. Ta biyu ta fi haɗari: ƙamus na aljihu yakan ba ka ma'ana ya ɓoye maka muhalli. Wani ɗalibi ya taɓa nuna mini saƙon ta'aziyya da ya tsara wa malaminsa, Allah ya sa bai aika ba, ya rubuta cewa ya ji mahaifin malamin "kicked the bucket". Ma'anar mutuwa ce, gaskiya, amma daidai take da ka ce wa mai makoki tsohonsa ya sheƙa barzahu. *Passed away* ake cewa. A ƙarƙashin kowane adon magana da ka koya, rubuta wanda za ka iya gaya wa: aboki, ko shugaba, ko kowa. Ni dai shawarata, mai koyo ya rage ɗokin irin su "raining cats and dogs". Kowa ya san shi, amma ba kasafai masu harshen ke faɗarsa a hira ba, "it's pouring" suke cewa su wuce.

Wannan ya kawo mu ga zaɓe. Ana ɓata lokaci a kan kalmomin burga, a bar waɗanda ake ji kullum. Dee Gardner da Mark Davies sun bincika wani babban rumbun rubutu da maganar Turancin Birtaniya a 2007, suka gano cewa aikatau masu wutsiya guda 100 kacal sun ɗauke fiye da rabin duk amfanin da ake yi da irinsu. A 2015 Mélodie Garnier da Norbert Schmitt suka fitar da jerin guda 150 da ma'anonin da aka fi amfani da su. *Go on, come back, find out, pick up, set up* suna cikin na gaba-gaba. Kuma kowanne yana da fuska fiye da ɗaya. *Pick up* na ɗaukar abu daga ƙasa daban, na ɗauko yaro daga makaranta daban, na tsintar harshe a bakin mutane ba tare da aji ba daban. Ka ba kowace ma'ana labarinta, kada ka haɗa su rana ɗaya.

Wasu kuma sukan yi komai daidai, sannan su rufe littafin. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take faruwa, daga baya ta lafa. Sake karanta labarin ba shi ne bita ba, ido kawai ke gane abin da ya taɓa gani. Kife takardar, ka ba da labarin da baki washegari, ka sake bayan kwana uku, ka sake bayan mako. Naɗi muryarka a waya ka saurara. Ba daɗi, na sani, kowa yana ƙin jin muryarsa, amma a nan za ka ji inda ka tsallake kalmar ka koma wadda ka saba.

Kafin duk wannan maimaici, a duba maka labarin. Jimlar da ka maimaita sau ashirin ta zauna ke nan, ko da gurguwa ce, kuma cire ta ya fi dasa ta wuya. Idan ba ka da wanda zai duba, buɗe ƙamus na masu koyo ka gwada jimlarka da misalansa: wace kalma ce ta biyo baya, *to* ne ko *for*, mutum ne ke yin aikin ko abu. Ni na yi shekara biyu ina cewa "discuss about" a kowane labari da na rubuta, har wata rana wata abokiyar aiki ta karɓi takardata ta soke *about* ɗin guda huɗu da jan biro a shafi ɗaya.