Yadda za ka koya wa ɗaliban injiniyanci tushen ilimin halittu

Malam, idan aka ba ka ajin ɗaliban injiniyanci aka ce ka koya musu bayoloji, ka sani da yawansu shi suka gudo wa. Haddar sunayen Latin da zanen fure ce ta kore su tun a sakandare. In ka shiga da rabe-raben dabbobi a ranar farko, ba za ka sake samun hankalinsu ba har ƙarshen zango. Ni da lissafin da suka riga suka iya nake farawa, domin dokoki da dama da suke taƙama da su masu binciken halittu ne suka gano su.

Ranar farko ka rubuta dokar Hooke a allo, wadda kowannensu ya sha lissafa miƙewar waya da ita. Sai ka gaya musu Robert Hooke ɗin nan shi ne a 1665 ya wallafa zanen ƙananan ramukan da ya gani cikin ɓawon itacen toshe kwalba, da ya leƙa ta madubin ƙara girma, wato abin da yanzu ake kira ƙwayoyin halitta. Daga nan ku wuce ɗakin gwaji da albasa da reza da ɗigon aidin. Kowa ya ɓare siririyar fatar ciki ya duba, kuma ya kimanta girman ƙwayar halitta ɗaya da maikuromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. A wajena zane mai kyau ba ya cin maki sai da awo.

Da sun auna, tambaye su me ya sa take ƙanƙanuwa haka. Kada ka ba su amsa. Ba su dokar yaɗuwa ta Adolf Fick, ta 1855, su gano da kansu cewa in nisa ya ninka sau 10, lokacin da iskar oksijin za ta ɗauka ta ratsa shi ya ninka sau 100. Ƙwayar da ta cika girma cikinta zai shaƙe, babbar dabba kuwa dole ta nemi famfo da bututu. Ka ga kun iso zuciya ba tare da sun haddace komai ba.

A nan 'yan kanikanci ke gyara zama. Poiseuille, wanda suke lissafa gudun ruwa a bututu da dokarsa, likita ne Bafaranshe, kuma tafiyar jini ce ta kai shi ga aikin wajen 1840. Zuciyar babban mutum in yana hutawa tana tura kimanin lita 5 a minti ɗaya, su lissafa na kwana guda, za su sami lita 7,200. Sai ka ce su rage faɗin jijiya da rabi. In matsin bai canza ba, kashi ɗaya cikin 16 na jinin ne kawai zai wuce. Bayan wannan lissafi ba sai ka yi dogon bayani kan haɗarin toshewar jijiya ba.

'Yan lantarki kuma ajiye musu fatar ƙwayar jijiyar saƙo, wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da jiki. Tsakanin ciki da waje akwai bambancin kusan milibolt 70, kaurin fatar kuwa wajen nanomita 5. Su raba. Amsar bolt miliyan 14 ce a kowace mita, alhali iska tun a wajen miliyan 3 take fara tartsatsi. Galibi sai wani ya ce na'urar lissafinsa ta lalace. Nuna musu zanen da'irar lantarki na wannan fata da masana Hodgkin da Huxley suka fitar a 1952 bayan gwaji da jijiyar sikwid, wata dabbar teku: batir ne da kafasita da rezista. Gumi ba na daɗewa a kansa, aikin gida ne: su zana yadda jiki ke riƙe zafinsa a digiri 37 kamar yadda suke zana tamostat, na'urar daidaita zafi.

Darasin gadon halitta daga iyaye nake kaiwa ƙarshe, kuma da sikila nake koyar da shi, don da wuya ka sami aji a ƙasar nan da babu wanda ya san mai ita. DNA, wato kundin gadon da ke cikin ƙwayar halitta, haruffa huɗu ne, ana karanta su uku-uku, wato haɗi iri 64 ke nan, su ke fayyace tubalan furotin 20. A sikila harafi ɗaya ne ya sauya a gurbi na shida na wani sashen himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jini, GAG ya koma GTG. Sakamakon haka ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, kun dawo kan bututu ke nan. Su zana jadawalin auren AS da AS su ga kowane ciki yana da ɗaya cikin huɗu na zuwa SS. Yi wannan darasi da natsuwa, kuma kada ka tambayi kowa rukuninsa a gaban aji.

Sai dai ka ware mako guda ka nuna musu inda kwatancen ke karyewa, in ba haka ba za su fita suna zaton mutum inji ne. Jini ba ruwan famfo ba ne, jijiya tana buɗewa tana tsukewa, ƙashi yana ƙara ƙarfi inda ake ɗora masa nauyi, in ya karye kuma ya haɗe. Sa kowa ya ƙirga bugun zuciyarsa a rubuta a allo. Wani 64, wani 88, duk lafiyarsu ƙalau, domin ga babban mutum da ke hutawa daga 60 zuwa 100 a minti daidai ne. A jarrabawa nakan ba su irin waɗannan alƙaluma in ce su faɗi wane ne ke buƙatar likita, su kuma kare amsarsu.