Yadda Za Ka San Tseren Keke Nawa Jikinka Zai Ɗauka A Shekara

Wata Asabar da hantsi muna tsaye a shataletalen Mararrabar Jama'a muna shan ruwa kafin mu juyo cikin gari, sai wani ƙanena a harkar keke ya zaro waya ya miƙo mini. Jerin tseren da ya ƙudurta shiga bana ne, har 26, wasu a nan Jos, wasu a Abuja, wasu ma ba a tsayar da ranarsu ba. Ya ce, "Yaya, duba mini wannan." Na ce, "Awa nawa kake samu a kan keke a mako?" Ya ce 6, wani makon 5, don shago ba ya barinsa. Na mayar masa da wayarsa, na ce ya same ni gida bayan la'asar da takarda da biro. Lissafin da muka yi a zaure ranar shi zan shimfiɗa a nan, don na san irinsa suna da yawa.

Kallon ƙwararru ne ke ruɗar mu. Tun da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango 3 a Tour de France ta 2024, babban tseren keke na ƙasar Faransa, ya kuma tafi gida da koriyar rigar da ake ba wanda ya fi tara maki, samarinmu suka ƙara ɗaukar wuta, kuma abin farin ciki ne. Sai dai ƙwararre yana iya yin kwana 60 zuwa 80 na tsere a shekara ne saboda keken sana'arsa ce. Yana atisayen awa 20 zuwa 30 a mako, ga mai dafa masa abinci, ga mai matsa masa jiki, ga likita, ga bakanike. In ya sauka daga keke kwanciya zai yi. Kai kuwa in ka sauka, shago za ka buɗe, ko ka wuce wurin aiki, ko ka ɗauko yara daga makaranta. Saboda haka kada ka ari lissafin kowa, naka za ka yi.

Mataki na farko: ƙirga makonnin da kake da su da gaske

Rubuta 52 a saman takarda, ka fara cirewa. Mako 3 na hutun ƙarshen kakar tsere. Mako 12 na gina tushe, wato doguwar tafiya a hankali ba tare da gasa ba. A Jos ya fi dacewa ka sa waɗannan a tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da ruwa ke iya tsinkewa kowace yamma, kwalta ta yi santsi, ramuka su ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Sai mako 5 na azumi da Sallah. Watan azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, don haka ka duba inda ya faɗo bana tun kafin ka rubuta komai. Hawa kaɗan gab da shan ruwa ko bayan tarawihi yana riƙe maka ƙafa, amma tsere da ƙishirwa a bakinka ganganci ne. Wanda ba ya azumi ya cire nasa makonnin na Kirsimeti da tafiya gida. Daga nan ka cire mako 4 na abin da ba ka sa rai ba: zazzaɓi, biki, rasuwa, aiki ya taso. Babu shekarar da ba ta zuwa da su.

Abin da ya rage mako 28 ne. In kana tsere sau ɗaya a mako biyu, 14 ke nan. In sau ɗaya a mako uku ne, 9.

Mataki na biyu: auna wannan adadi da awoyinka

A abin da na gani tsakanin abokan hawa, ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai samun awa 6 zuwa 8 a mako yana ɗaukar tsere 9 zuwa 14 lafiya lau. Wanda bai kai awa 5 ba, ko wanda bana ce shekararsa ta farko, 4 zuwa 6 sun ishe shi, kuma gajeru. Wanda ya shekara uku ko huɗu yana hawa, yana samun awa 10 zuwa sama, yana kuma barci isasshe, zai iya kaiwa 18 ko 20 muddin rabinsu ba su wuce awa ɗaya ba. In ka haura shekara 40 ka ɗauki ƙasan adadin, don ƙarfin yana nan amma wartsakewa ta rage sauri.

Mataki na uku: zaɓi manya tukuna

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan aka fi yin kuskure. Tseren da ke takardarka ba matsayinsu ɗaya ba. Raba su gida uku.

Gida na farko shi ne wanda kake son ka fito da dukkan abin da Allah ya ba ka. Biyu, in sun yi yawa uku a shekara. Dalili kuwa, jiki ba ya zama a ƙololuwar ƙarfinsa fiye da mako biyu zuwa uku, daga nan sai ya fara sauka ko kana so ko ba ka so. Kafin kowane babban tsere kana buƙatar sassautawa: kwana 7 zuwa 14 da za ka rage yawan tafiyarka da kusan rabi, amma ka bar ɗan gudu mai zafi gajere sau biyu a mako don ƙafa kada ta yi sanyi. Gajiyar da ta taru ta zube, ƙarfin da ka gina ya fito fili. To in kowane tsere ka ɗauke shi babba, kullum kana cikin sassautawa ke nan, yaushe za ka yi atisayen? Ka bar aƙalla mako 8 zuwa 10 tsakanin babba da babba. A wurinmu ɗaya a Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙurar hunturu ta yi kauri, ɗaya kuma wajen Fabrairu ko Maris, tsari ne mai kyau idan azumi bai faɗo nan ba.

Gida na biyu, tsere 4 zuwa 6 da za ka huta musu kwana biyu kawai ka je ka yi iya yinka. Gida na uku kuwa makaranta ce. Su ne ƙananan gasannin da 'yan ƙungiya ke shiryawa tsakaninsu, irin a tashi daga Bukuru a ga wanda zai riga isa Vom, ko a miƙi hanyar Heipang zuwa Barikin Ladi. Ka shige su da gajiyar mako a jikinka, ka tafi da abu ɗaya da kake son koya: zama a bayan tayar wani don ya tare maka iska, shan ruwa ana cikin gudu ba tare da ka karkace ba, canza giya kafin hawa ya kama ka. Ko na nawa ka zo, ba shi ne abin dubawa ba. Wannan yana da wuya a zuciya, na sani, musamman in yaron da ka koya wa hawa ya wuce ka yana waiwaye. Daure.

Ka rubuta komai da fensir, don ranakun tsere a ƙasar nan suna yawan sauyawa. In an ɗage babbanka da mako uku, ƙananan da ke kewaye da shi su ma sai sun matsa.

Mataki na huɗu: san kwana nawa kowane tsere zai ci maka

Tsere ba ya ƙarewa a layin ƙarshe. Makamashin da ke ajiye a tsoka yana ɗaukar awa 24 zuwa 48 kafin ya cika, shi ma sai in ka ci abinci mai nauyi, shinkafa, dankalin turawa, gwaten acca, tuwo. Tsokar da ta wahala ta fi haka daɗewa. Ga ma'aunin da nake bi: tseren da bai wuce awa ɗaya ba, kwana 2. Na awa biyu zuwa uku a kan hanya mai hawa, kwana 4 ko 5. Wanda ya wuce kilomita 120, ko na kwana biyu a jere, mako guda zuwa kwana 10. A cikin kwanakin nan ba a ce ka jingine keke ba, juya feda za ka yi a hankali yadda za ka iya hira ba ka haki.

Mu 'yan Jos akwai wani lissafi na daban da ya shafe mu. Garinmu yana bisa tudu kimanin mita 1,200 daga teku, iskarmu mai sanyi ce, da asubar hunturu sai ka sa safar hannu kafin ka iya matsa birki. Da ka gangara Hawan Kibo ka nufi Akwanga za ka ji duniya ta canza. Abuja a watan Maris zafinta kan haura digiri 35, jiki kuma yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi. Don haka tsere ɗaya a Abuja da bazara ka ƙirga shi a matsayin ɗaya da rabi, ka ƙara da awoyin zaman mota zuwa da dawowa.

A jikina na koyi wannan. Wata shekara na yi tsere mako huɗu a jere a nan gida, duk na zo cikin na gaba, sai na ga kamar na gama da kowa. Mako na biyar shi ne wanda na shekara ina jira, a Abuja. Ba mu yi kilomita 40 ba cinyata ta dama ta ɗaure tamau, gishiri ya yi fari a gefen rigata, ina kallon ayarin yana nisa ba ni da abin da zan bi shi da shi. Na zauna a gindin wata bishiya, hular kwano a gefe, hannuna na rawa har ba na iya buɗe gora. Da na dawo na kai keken wurin wani dattijo mai gyara da muke hulɗa da shi, ya dubi idona ya ce, "Ɗana, keken lafiyarsa ƙalau. Je ka kwanta." Sai da na yi kusan wata biyu kafin ƙafata ta dawo. Tun daga nan ba na jera tsere fiye da mako biyu, in ta kama dole uku, sannan in bar mako guda fayau.

In za ka sauka daga tudun Jos ka je tsere, auna nauyinka kafin atisaye mai zafi da bayansa. Kowane kilo da ya ragu kusan litar ruwa ce ta fita. Asarar da ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka tana rage ƙarfi sosai. Ka saba da shan ruwa mai ɗan gishiri da sukari, da cin dabino ko ayaba duk bayan minti 30, tun a atisaye, ba ranar tsere ba.

Mataki na biyar: kai takardar gaban aljihu da iyali

Kuɗin rajista, kuɗin mota da na ɗora keke, masauki, abinci, taya, sarƙa. Haɗa na tsere ɗaya na waje ka ninka da yawansu. Sannan ka nuna wa uwargida ranakun tun farkon shekara, kada ta riƙa jin labari daren Juma'a. A nan ne takardar ƙanen nawa ta sauko daga 26 zuwa 11: manya 2, matsakaita 4, ƙanana 5, uku kacal a wajen Filato.

Mataki na shida: bar jikinka ya gyara lissafin

Sami ƙaramin littafi ka ajiye kusa da matashi. Kowace asuba kafin ka tashi zaune, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya ka rubuta. Cikin mako biyu za ka san naka na kullum. In ya ƙaru da 7 zuwa 10 har kwana uku a jere, jiki na magana. Haɗa da sauran alamu: barci na yankewa cikin dare, abinci ya fita ranka, kana faɗa da mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba, mura ta ƙi tafiya, hawan da ka saba haurawa a hanyar Lamingo ya koma kamar dutsen Shere. Alama biyu ko uku suka haɗu, soke tseren gida na uku da ke gabanka, kada ka yi shawara da kowa. Don irin wannan ranar aka rubuta shi da fensir.

Zazzaɓi kuwa ba a ciniki da shi. Je a gwada jininka a ga ko na cizon sauro ne, ka sha maganin da likita ya ba ka har ya ƙare. Motsa jiki mai tsanani da zazzaɓi a jiki yana iya taɓa tsokar zuciya. Bayan ka warke ka ba kanka aƙalla mako guda na tafiya a hankali kafin ka sake liƙa lamba a riga, ko da babban tserenka ne ya faɗo ciki. Haka in ƙurar Disamba da Janairu ta kama maka ƙirji kana tari, rage zafin atisaye har ya sake ka.

Mataki na bakwai: ɗauki hutun nan na mako 3

Bayan tserenka na ƙarshe, mako na farko kada ka taɓa keke sam. Na biyu da na uku ka yi tafiyar ƙafa, ko ka hau zuwa kasuwa cikin kayan gida. A lokacin ne za ka kai keken a kwance shi, a duba sarƙa ko ta miƙe, a sauya robar birki, a sa giris. Sai ka buɗe littafin nan ka bi tseren ɗaya bayan ɗaya, ka sa alama a kan waɗanda ka isa wurinsu da ƙarfinka da waɗanda ka isa a gajiye. In na gajiyar sun wuce biyu, rage tsere 2 a takardar baɗi. In babu ko ɗaya, ƙara 2, kuma a gida na uku za ka sa su.