Darasi na Tara: Idan Kwamfuta Mai Babbar Manhaja Biyu Ta Rikice Bayan Sabuntawa

Wata rana bayan la'asar wata ɗalibar ajinmu, mai sana'ar ɗinki, ta shigo da laftof ɗinta a naɗe cikin ɗankwali. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam, awon mutane duk ya tafi." Daren jiya kwamfutar ta nemi sabuntawa, ta bar ta a caji ta kwanta. Da gari ya waye, allon da ke tambayarta wace babbar manhaja za ta shiga, Windows ko Linux, bai fito ba. Kwamfutar ta wuce kai tsaye cikin ɗaya, alhali awon masu kawo ɗinki da hotunan samfur da lissafin bashi duk suna cikin ɗayar. Ta fara kai ta wajen wani mai gyara, ya ce sai an yi fomat, wato a goge komai a sake ɗora manhaja. Allah ya taimake ta kuɗin da ya yanka ba ta da su a hannu.

Na kashe kwamfutar, na kunna, na danna maɓalli guda. Ga sunan manhajarta a jere. Ba a yi minti biyu ba tana duba awon wata amarya, tana ta hamdala.

Abin da nake so ku riƙe ke nan tun daga farko: idan haka ta same ku, kada ku yi fomat, kada ku bari a yi muku. Mafi yawan lokuta fayilolinku suna nan daram. Hanyar shiga ce kawai ta ɓace.

Gida ɗaya, sassa biyu, zaure ɗaya

Ku ɗauki faifan ajiyar kwamfuta kamar gidan gandu. An ja katanga an raba shi. Windows na da sashenta, Linux, misali Ubuntu, na da nasa. Kowane yanki da aka raba shi muke kira sashe a wannan darasi.

A kwamfutocin zamani akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira EFI. Girmansa ba ya cika wuce megabait 100 zuwa 500. Shi ne zauren gidan. A cikinsa kowace manhaja take ajiye mai yi mata iso. Na Windows sunansa Windows Boot Manager. Na Ubuntu sunansa GRUB, kuma shi ne yake nuna muku allon nan na zaɓi idan kun kunna kwamfuta. GRUB ya san hanyar sassan biyu. Shi kuwa na Windows, sashen uwar ɗakinsa kaɗai yake kai baƙo.

Idan an yi babbar sabuntawa, wani lokaci na Windows ne yake dawowa gaban layi a zaure. Kuna kunnawa sai ya ja ku zuwa Windows. GRUB yana nan, an dai tura shi baya.

Tsofaffin kwamfutoci ba su da wannan zaure. Suna aiki da tsarin BIOS, kuma mai iso yana zaune ne a farkon faifai, a wani ɗan wuri mai bait 512 kacal da ake kira MBR. Kujera ɗaya ce a wurin. Wanda ya zo daga baya sai ya ture na farko. Da yake yawancinmu laftof na hannu muke saye, yana da kyau kowa ya san irin tasa. A cikin Windows ku danna maɓallin Windows tare da R, ku rubuta msinfo32, ku danna Enter. Ku nemi layin da aka rubuta "BIOS Mode". Idan ya ce UEFI, sabon tsari ne. Idan ya ce Legacy, tsohon tsari ne. Ku rubuta amsar a bayan littafinku.

Abu na farko: ku ƙwanƙwasa ƙofa

Ku kashe kwamfutar. Ku kunna ta, kuna kunnawa kuna danna maɓallin zaɓi a kai a kai, kafin tambarin Windows ya fito. A HP, F9 ne. A Dell da yawancin Lenovo da Acer, F12. A laftof ɗin Asus, galibi Esc. Idan hannunku bai yi sauri ba, akwai wata hanya: a cikin Windows ku riƙe Shift, ku danna Restart, sannan ku zaɓi "Use a device".

Jerin sunaye zai fito. Idan kun ga "ubuntu", ku zaɓe shi. Ya buɗe? To babu abin da ya lalace.

Saura ku mayar da GRUB gaban layi don kada ku riƙa danne-danne kullum. Ku shiga saitin kwamfutar lokacin kunnawa, F10 a HP, F2 a Dell. Ku nemi "Boot Order", ku ɗaga ubuntu sama, ku adana ku fita.

Ku leƙa sassan da idonku

Idan sunan bai fito ba, kafin komai ku tabbatar sashen yana nan. A Windows ku danna dama a kan Start, ku zaɓi Disk Management. Za ku ga faifan an zana shi yanki yanki.

A nan ne mutane suke yi wa kansu ɓarna, don haka ku bi ni a hankali. Windows ba ta iya karanta tsarin ext4 da Linux ke ajiye fayiloli da shi. Saboda haka sashen Linux zai fito babu harafi irin C ko D, babu sunan tsari, har ma ta nuna muku kamar wofi ne, babu komai a ciki. Ba wofi ba ne. Mutumin da bai iya ajami ba, idan ya ga takardar ajami zai ce zane ne kawai. Idan saƙo ya fito yana cewa sai kun yi fomat kafin ku yi amfani da sashen, ku danna Cancel. Kada ku danna Delete Volume. Kada ku ba shi harafi. Ku ɗauki hoton allon da wayarku, ku rufe.

Abin da ya kamata ya tsayar da ku shi ne yanki mai baƙin layi a samansa da aka rubuta "Unallocated", girmansa daidai da na tsohon sashenku na Linux. Wannan yana nufin sunan sashen ya faɗi daga rajistar faifai. Ya fi faruwa a faifai mai tsarin MBR, wanda ba ya ɗaukar manyan sassa fiye da 4, sauran sai a cusa su cikin guda. Ko a nan fayilolin suna kwance a wurinsu, muddin ba a rubuta wani abu a kansu ba. Kada ku ƙirƙiri sabon sashe a wurin. Akwai manhaja ta kyauta mai suna TestDisk, ta Christophe Grenier, wadda take bin faifai ta gano tsoffin iyakoki ta mayar da su rajista. Shawarata, karon farko ku yi wannan tare da wanda ya taɓa yi, domin zaɓi guda na kuskure yana iya ɓatar da sashen Windows shi ma.

Baƙin allo mai cewa grub rescue

Wasu kuma ba Windows ba Ubuntu, sai baƙin allo da rubutu kaɗan: "unknown filesystem" ko "no such partition", a ƙasa kuma grub rescue. Yana da ban tsoro, amma ma'anarsa mai sauƙi ce. GRUB ya farka, ya nufi sashe mai lamba kaza, ya tarar an canza lambobin, galibi saboda sabuntawa ta ƙara wani ɗan sashe ko ta rage. Kamar a sake lambobin gidaje a unguwa ne ba a gaya wa ɗan aike ba.

Ku rubuta ls, ku danna Enter. Zai jero sassan kamar haka: (hd0,msdos1) (hd0,msdos5), ko gpt a maimakon msdos. Ku gwada su ɗaya bayan ɗaya:

ls (hd0,msdos5)/boot/grub

Wanda ya jero muku sunayen fayiloli, shi ne naku. A ce na 5 ne. Sai ku rubuta waɗannan layuka huɗu, kowane layi ku danna Enter:

set root=(hd0,msdos5)
set prefix=(hd0,msdos5)/boot/grub
insmod normal
normal

Allon zaɓi zai dawo. Amma wannan gyara na yau ne kawai, kuna kashewa zai manta. Da kun shiga Ubuntu ku buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni a cikinta, ku rubuta lsblk don ganin sunan faifanku. Idan sda ne, ku rubuta sudo grub-install /dev/sda, sannan sudo update-grub. Ku lura, sunan faifan gaba ɗaya ake sawa, ba a ƙara masa lambar sashe. Zai nemi kalmar sirrinku, kuma ba za ku ga haruffan ba yayin da kuke bugawa. Haka yake, ba lalacewa ba ce.

Idan tsohon tsari ne kuma GRUB bai fito ba sam, sai filashin da kuka sa Ubuntu da shi. Ku kunna kwamfutar daga filashin, ku zaɓi "Try Ubuntu", ba "Install" ba. Daga nan za ku iya kwashe fayilolinku zuwa wani faifai, kuma ku fara da wannan. Bayan haka ku sauke manhajar Boot-Repair ta intanet, ku danna "Recommended repair".

Idan Windows ce ta ɓace

Abin yana juyewa. Kun ɗaga Ubuntu zuwa sabon fitowa, wanda mai dogon tallafi yake zuwa duk shekara biyu a watan Afrilu, kamar 22.04 da 24.04, sai sunan Windows ya fita daga allon zaɓi. Dalilin da aka fi samu shi ne tun GRUB 2.06 na shekarar 2021 aka kashe ɗan binciken da ke neman sauran manhajoji, mai suna os-prober, sai wanda ya kunna shi. Ku rubuta sudo nano /etc/default/grub. A ƙasan fayil ɗin ku ƙara wannan layi:

GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false

Ku adana da Ctrl da O, sai Enter, ku fita da Ctrl da X, ku rubuta sudo update-grub. Ku duba ko ya ambaci Windows Boot Manager a cikin abin da ya jero.

Makulli mai lamba 48

Kafin ku taɓa saitin tsaro ko na kunnawa, akwai abin da ya wajaba. Kwamfutoci da yawa masu Windows 11 suna kulle faifansu da BitLocker, sau da yawa mai ita bai ma sani ba. Idan ta ga an canza hanyar kunnawa, sai ta tsaya a shuɗin allo ta nemi makulli mai lambobi 48, rukuni takwas, kowanne lamba shida. Idan babu shi, babu mai gyaran da zai buɗe muku. Yawanci yana cikin asusunku na Microsoft. Ku shiga ta waya, ku kwafe shi da biro a takarda, ku ajiye inda kuke ajiye takardun fili. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya sayi laftof na hannu kuma har yanzu asusun tsohon mai ita ne a kai, ya duba wannan yau.

Na kawo zancen ne saboda abin da ya faru a watan Agusta 2024. Wata sabuntawar tsaro ta Windows ta sa kwamfutoci masu manhaja biyu da yawa a duniya suka ƙi buɗe Linux, suna nuna "Verifying shim SBAT data failed: Security Policy Violation". Microsoft ta amsa cewa matsalar daga sabuntawar ce. Nan ma babu fayil ɗin da ya goge. Maganin shi ne a kashe Secure Boot, wato saitin tsaron kunnawa (taɓa shi ne zai iya jawo neman makullin nan), a shiga Linux, a rubuta sudo mokutil --set-sbat-policy delete, a sake kunnawa, a sabunta Linux ɗin gaba ɗaya, sannan a mayar da Secure Boot.

Masu Windows 10 kuma ku sani tallafinta ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 tana buƙatar UEFI da wani ɗan kayan tsaro na cikin kwamfuta mai suna TPM 2.0. Idan taku Legacy ce, kuma wani ya ce zai juya muku faifan daga MBR zuwa GPT, tsarin faifan da UEFI ke aiki da shi, don ku hau 11, ku sani GRUB na tsohon tsari ba zai tashi bayan haka ba sai an sake dasa shi. Ku kwashe kayanku tukuna.

Ƙananan abubuwa biyu

Idan daga Ubuntu kuna ganin fayilolin Windows amma ba kwa iya ajiye komai a can, Fast Startup ce. Tun Windows 8, danna Shut down ba ya kashe ta gaba ɗaya, barci take yi da sashenta a riƙe. Ku je Control Panel, Power Options, "Choose what the power buttons do", ku cire alamar da ke kan "Turn on fast startup". Bayan kowace babbar sabuntawa ku sake leƙawa.

Agogo kuma yakan yi kuskuren awa ɗaya cif idan kun fito daga wannan kun shiga waccan. Linux tana ajiye agogon na'ura a lokacin duniya na UTC, Windows kuwa a lokacin gari, kuma Najeriya da Nijar suna gaban UTC da awa ɗaya. Ga mai duba lokacin salla a kwamfuta ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa, a Terminal na Ubuntu ku rubuta timedatectl set-local-rtc 1.

Aikin gida

Kafin aji na gaba, kowa ya zo da takarda ɗauke da amsa uku: kwamfutarsa UEFI ce ko Legacy, wane maɓalli ne yake buɗe jerin zaɓi a kanta, kuma sassa nawa ya ƙirga a Disk Management, da girman kowanne. Makullin BitLocker kuwa ku bar shi a gida, ku dai gaya mini kun kwafe. Mai filash da ya kai gigabait 8 ya zo da shi babu komai a ciki, domin duk abin da ke kansa zai goge idan muka sa masa Ubuntu na ceto.